Yadda ake zaɓar tayar zafi mai riƙe titi wa mota mai gudu

Abin da yake damuna da yawancin masu motoci masu gudu a garuruwanmu shine, mutum zai kashe kuɗi ya sayi rim mai walƙiya, ya sa baƙin gilashi, ya canza salansa don ta dinga ruri in ya taka, amma in aka zo maganar taya sai ya rubuta lamba a takarda ya aiki yaro kasuwa yace a samo mai sauƙi. Alhali mota irin Golf GTI ko BMW 3 Series ko Lexus IS 350 ko Mercedes C300 ɗinnan da samari ke yayi, duk ƙarfin injinta da birkinta ta taya suke bi kafin su isa ƙasa, in tayar bata kama kwalta ba wallahi birkin komai girmansa bashi da abin da zai yi maka. Shi yasa nake so mu bi abin daki-daki, tun daga ƙofar motarka har zuwa wajen mai ɗaura taya.

Kafin komai ka san cewa taya kala uku ce a ƙasashen da ake ƙera motocin nan. Akwai tayar sanyi wadda aka yi don ƙanƙara, robarta laushi gareta sosai don kar ta daskare a sanyin Jamus ko Kanada. Akwai ta kowane yanayi wadda ta ɗan taɓa nan ta ɗan taɓa can, ita ce yawancin motocin da ake kawowa daga Amurka suke zuwa da ita. Sai ta zafi, wadda a katalog da shafukan kamfanoni zaka ga an rubuta mata summer, ita kuma an haɗa robarta ne don ta yi aiki a kwalta mai ɗumi, kafaɗarta da ƙarfi, zanenta manya-manya ne ba yankan ƙanana da yawa, don haka in ka shiga kwana bata lanƙwashewa a ƙarƙashinka. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ta zafi ce to bata son ruwa, ba haka bane sam, tayar zafi mai kyau tafi ta kowane yanayi tsayawa a jiƙaƙƙen titi in dai garin da ɗumi, kaga kenan damunarmu ba matsala bace a wajenta. Abin da bata so sanyi ne. Da zarar awon sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarta takan fara tauri ta rage kamu, a kan ƙanƙara kuwa hatsari ce tsantsa. Don haka ɗan'uwa in kana zaune a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka, wannan tayar ta watannin ɗumi ce kawai, Jamusawa ma al'adarsu daga Oktoba zuwa Ista tayar sanyi suke sawa, kuma doka tana kama wanda ya hau ƙanƙara ba da ita ba. Mu kuma da muke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, kwalta kuma tafi iskar zafi nesa ba kusa ba, shekara gaba ɗaya lokacin tayar zafi ne a wajenmu.

Mataki na farko, kar ka karanta lambar daga jikin tayar da take kan motar yanzu. Na san haka kowa yake yi, amma wanda ya riƙe motar kafin kai wataƙila abin da ya samu ya ɗaura. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, akwai sitika a wajen, wasu motocin Jamus kuma a bayan murfin tankin mai take, a nan kamfani ya rubuta girman tayar da ya yarda da shi da yawan iskar da za'a sa. In sitikar ta goge ka nemi littafin motar a intanet da shekararta.

Mu ɗauki misalin da ake samu a GTI da wasu da yawa, 225/40 R18 92Y. Wannan 225 ɗin faɗin tayar ne da milimita. 40 kuma ba milimita bane, kashi 40 cikin ɗari ne na wancan faɗin, wato tsayin gefen tayar daga bakin rim zuwa inda take taɓa ƙasa ya kama milimita 90. R ɗin irin ginin tayar ne da ake cewa radial, 18 kuma na nufin rim mai inci 18. Ka riƙe wannan milimita 90 ɗin a ranka domin shine kaɗai abin da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Wanda ya ɗaga ta zuwa 225/35 R19 don ado ya rage shi zuwa wajen milimita 79, wanda kuma ya sauka zuwa 225/45 R17 ya samu wajen 101, kuma duk ukun tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, bambancin 'yan milimita ne, don haka agogon gudu bazai yi maka ƙarya ba. Ni a ra'ayina in dai hanyar da kake bi kullum akwai ramuka da tudun rage gudu da gargada, inci 17 ko 18 ya isheka, kuma sauka da inci ɗaya ba ragewa motar daraja bane, inde rim ɗin zai shige birkin gaba ba tare da gogawa ba, wannan sai an gwada an gani kafin a biya. Inci 19 da 20 a titinmu kuɗin gyaran rim ne da kumburin taya ba ƙarewa. Duk canjin da zaka yi kar tsayin tayar gaba ɗaya ya kauce daga na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Wani abu kuma, motoci masu jan baya da yawa tayar gaba daban ta baya daban. Lexus IS mai F Sport ta 2014 zuwa 2020 misali gaba 225/40 R18 ce baya kuma 255/35 R18, BMW da Mercedes ma da yawa haka suke. In sitikarka ta nuna lamba biyu to haka zaka saya, biyu-biyu, kuma ka san cewa bazaka iya musanya gaba da baya ba daga baya, na bayan ne zasu riga cinyewa.

Mataki na biyu shine wannan 92Y ɗin na ƙarshe wanda kusan ba mai kallonsa. 92 lambar nauyi ce, kowace taya ɗaya zata ɗauki kilo 630. In 91 ce kilo 615, 94 kilo 670, 95 kilo 690. Harafin kuma iyakar gudun da aka gwada tayar a kai ne, T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Zaka ce ai ni bana kai 200 ma balle 300, me zan yi da Y. Toh ba gudun kaɗai ake nufi ba, tayar da ta samu W ko Y an gina ta ne yadda zata jure zafin da ke taruwa a cikinta in ana tafiya mai nisa ba tsayawa, kuma zafi shine abin da ke sa taya ta yi bindiga a hanya da rana tsaka. Dokar mai sauƙi ce, zaka iya haura abin da sitika ta ce amma kar ka sauka ƙasa da shi, a lambar nauyi da harafin gudu duka. In ka ga XL a sitikar to XL zaka nema, wato wadda aka ƙarawa ƙarfin ɗaukar kaya, kar wani yace maka ai duk ɗaya ne.

Mataki na uku, a nan ne ake ɓata kuɗi, domin tayar zafin ma gida-gida ce kuma ba wadda tafi tsada ko tafi kamu ce ta dace da kai ba. Zauna ka faɗawa kanka gaskiya yadda kake tuƙi. Kullum gida zuwa ofis ne cikin go-sulo sai ƙarshen mako a hau babban titi? Ko kana yawan doguwar tafiya? Ko kuwa da gaske kana shiga filin tsere?

A can ƙololuwa akwai waɗanda rabinsu na tsere ne, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2, Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052. In ka gansu zaka so su, zanensu kaɗan ne, gefensu kamar an zuba. A busasshiyar kwalta mai kyau ba abin da ke kamo su, amma zanen nasu bashi da zurfi tun suna sabbi, suna cinyewa da wuri, suna da ƙara, kuma ranar da aka yi ruwan Agusta ya kwanta a titi sune farkon fara yawo a kan ruwa. Don Allah in ba fili kake shiga ba ka barsu.

Gidan da ya dace da yawancinmu shine na ƙasa da su kaɗan, Michelin Pilot Sport 4S da Pilot Sport 5, Continental SportContact 7 ko ExtremeContact Sport 02, Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6, Bridgestone Potenza Sport, Pirelli P Zero. Waɗannan suna kama busasshe, suna kama jiƙaƙƙe, sitiyari yana amsa maka nan take, kuma zasu yi maka kwana biyu. In aljihu bai kai nan ba ba abin kunya bane, Hankook Ventus S1 evo3 da Falken Azenis da Kumho Ecsta duk kamfanoni ne sanannu masu gwada kayansu, kuma sabuwar Hankook tafi tsohuwar Michelin da ta shekara shida a wani sito. Abin da nake tsoro shine sunan da baka taɓa ji ba, ka bincika a waya ka rasa ko shafin kamfanin, irin waɗannan a busasshen titi bazaka gane bambanci ba sai ranar da ka danne birki a ruwa motar ta ƙara maka tsawon mota biyu ko uku kafin ta tsaya, kuma a cikin wannan tazarar mai adaidaita ko ɗan makaranta yake.

Yadda zaka gane gidan da taya take ba sai ka tambayi kowa ba, juya ta ka nemi ƙananan rubutu guda uku a gefenta, TREADWEAR da TRACTION da TEMPERATURE, tsarin gwamnatin Amurka ne kuma tayoyi da yawa suna ɗauke da shi. Na farkon lamba ce ta yadda take jure cinyewa, masu 200 zuwa ƙasa sune na wajen tsere, masu 280 zuwa 340 sune gidanmu, Pilot Sport 4S misali 300 ce, masu 500 zuwa sama kuwa na motar iyali ne masu daɗewa amma ba kamu sosai. Sai dai kar ka ɗauki lambar kamar awon gwal, kowane kamfani shi yake saka wa tayarsa, don haka 300 na wannan ba lallai ya zama 300 na wancan ba, a cikin kamfani ɗaya ne kwatancen yafi yin daidai. Na biyun kamun birki ne a jiƙaƙƙen titi, AA ne sama sai A sai B sai C, nemi AA ko A. Na ukun jure zafi ne, A ko B ko C, kuma a ƙasarmu ga mota mai gudu ni bana ma tattauna wannan, A kawai. In tayar ta kasuwar Turai ce zaka ga wata doguwar takarda mai launi manne a kan zanen, akwai hoton famfon mai da hoton girgije mai ruwa, na girgijen shine kamun ruwa daga A zuwa E, shi zaka fi kulawa da shi, A ko B. Na man fetur ɗin in ya zo C ko D kar ya dameka, taya mai kamu dama bata cika tsimin mai ba.

Mataki na huɗu gajere ne amma masu motocin Jamus su kula. Wasu tayoyin an yi su ne musamman don wani kamfanin mota, tauraro a gefe na BMW ne, MO na Mercedes, AO na Audi, N da lamba kamar N0 ko N1 na Porsche. In ka samu mai alamar motarka madalla, in baka samu ba taya mai kyau mai daidai girma da nauyi da gudu zata yi aiki, kawai kar ka gauraya iri biyu a layi ɗaya, wato a tayoyin gaba biyu ko na baya biyu. Sai maganar tayar da ake iya tafiya da ita ko ta sace, wadda BMW da yawa suke zuwa da ita, zaka ga RSC ko RFT ko ZP ko SSR a jikinta, yawanci tana baka damar tafiyar kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Gefenta tauri gareshi, tana da tsada, tana sa motar dukan ƙasa a gargada, shi yasa mutane suke cire ta su sa ta gama-gari, kuma ba laifi, amma ka buɗe but ka duba tukuna, irin waɗannan motocin yawancinsu basa zuwa da safaya ko jak. In zaka canza ka canza huɗun gaba ɗaya kuma ka tanadi safaya ko ƙaramin famfon iska na lantarki.

Mataki na biyar, shago. Ka je da kanka, ka sa a fito da tayoyin huɗun waje cikin haske, ba guda ɗaya a nuna maka sauran a ɗauko daga ciki bayan ka biya ba. Ka ce, Alhaji a ɗan kwance min ledar in ga kwanan wata, mai kaya mai gaskiya bazai ji haushi ba. Nemi inda aka rubuta DOT, bi layin haruffan har ƙarshe, zaka ga lamba huɗu a cikin wani ɗan zagaye mai tsawo kamar an danna hatimi, wani lokacin a gefe ɗaya kawai yake don haka in baka gani ba juya ɗaya gefen. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Shafa wajen da ɗan yatsa, ya kamata ya zama sumul ɗaya da sauran robar, in ka ji kamar an kankare ko an liƙa wani abu a kai ajiye ta kawai. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa a Najeriya a 2007 Dunlop ma ya bi baya a 2008, tayar motocin nan daga waje ake kawota, tana shan jirgin ruwa da kwantena da zaman sito cikin zafi, don haka taya tana iya zama bata taɓa hawa titi ba amma ta tsufa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 take lissafawa a matsayin wa'adin taya daga ranar ƙira, kamfanoni kamar Michelin kuma cewa suke bayan shekara 5 a dinga dubawa duk shekara, shekara 10 kuwa a cire ko yaya take. Ni dai in zan biya kuɗin sabuwa, wadda bata wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba nake nema, kuma huɗun su kasance kusa da juna.

Yanzu maganar 'yan Kwatano, domin na san da yawa can zasu nufa komai na faɗa. A dokance ma tayar da aka yi amfani da ita tana cikin kayan da kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a ko'ina. Babban abin da ke cikinsu wanda yake tayar min da hankali shine da yawansu tayoyin sanyi ne da Turawa suka cire, kuma sune suka fi ɗaukar ido saboda zanensu zurfi gareshi, mai saye yana gani yace kai wannan ai sabuwa ce. Duba gefenta, in ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiya to ta sanyi ce ko ta kowane yanayin da aka yi don ƙasar ƙanƙara, in M+S ne kawai shima ba tayar zafi bace. Sunaye kamar Blizzak, Alpin, WinterContact, Sottozero, Hakkapeliitta duk na sanyi ne. Ko ba rubutu ma, kalli zanen da kyau, kowane ɗan tudu zaka ga an yayyanka shi da siraran layuka masu zigzag, in ka danna da farce sai ka ji ya lotsa ya buɗe baki. Irin wannan robar a kwaltar watan Afrilu narkewa take kamar sabulu a ruwa, birki ya ƙara tsawo, motar ta dinga lilo a kwana, zafi ya taru a ciki. Ban da wannan akwai wadda aka sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi bayan ta suɗe, zaka gane ta da ramin zanen da ba sumul ba kuma 'yan tudun awon da ke cikin ramin sun ɓace, akwai mai faci a gefe, akwai wadda wayar cikinta ta karye sai an hura iska kumburin zai fito. Mota mai kai 200 ba wajen gwada sa'a bane. In kuɗin huɗu bai samu ba gara ka sayi biyu sabbi yanzu biyu wata mai zuwa, kuma in girman gaba da baya ɗaya ne sabbin a baya ake sa su ko da motar mai jan gaba ce, domin in gaba ya zame kana iya gyarawa da sitiyari, in baya ya ƙwace kuwa juyawa motar zata yi da kai. Amma masu jan ƙafa huɗu, 4Matic da xDrive da quattro, su huɗun suke so tare iri ɗaya, bambancin tsayi tsakanin tsohuwa da sabuwa yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi, gyaranta kuma yafi kuɗin taya.

Mataki na shida, ɗaurawa. Tayar da gefenta gajere ne ba'a sa ta da guduma da ƙarfen ɓanɓara a bakin titi, za'a yaga bakinta a kuma kankare maka rim, nemi wajen da suke da injin cire taya. Ka tsaya a kansu. Yawancin tayoyin nan zanensu ba ɗaya bane ciki da waje, an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli waje, wasu kuma akwai kibiya da ROTATION wato dole ta juya ta inda kibiyar ta nuna in mota na tafiya gaba, in aka juya ta maimakon ta watsar da ruwa sai ta tara shi. Ka ce a sa sabon bawul, in kuma motar tana da na'urar da ke nuna iska a dashbod ka gaya wa yaron tun kafin ya fara, tana manne ne a bayan bawul ɗin daga ciki kuma da ɗan kuskure ake karya ta. A yi balansin na huɗun, sannan a yi alaimen, wannan ba ƙarin kashe kuɗi bane, ƙafar da ta karkace tana iya cinye gefen cikin sabuwar taya cikin 'yan watanni kana kallon waje kana ganin lafiya lau. In akwai bushin ko shoka ko tayarod da ya mutu a gyara kafin alaimen ɗin, in ba haka ba aikin banza ne. Notin taya kuma kar a bari wani ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle, akwai awon ɗaurinsa a littafin mota, yawancin irin motocin nan tsakanin 100 zuwa 140 ne a ma'aunin Nm, kuma bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

Iska. Lambar da ke jikin taya wadda aka rubuta MAX PRESS ba ita ake hurawa ba, iyaka ce, ta sitikar ƙofa ita ce taka. Masu faci da yawa in baka yi magana ba 40 ko sama a ma'aunin iska na PSI suke bugawa kowace mota, wasu gejin nasu ma ya gaji, don haka sayi naka ƙarami ka ajiye a mota. Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. In ka auna da rana bayan doguwar tafiya zaka ga ta ƙaru da 3 ko 4 ko fiye, wannan daidai ne, kar ka sace ta. Akwai masu cewa a rage iska lokacin zafi wai don kar ta fashe, wallahi akasin haka ne, tayar da iskarta tayi ƙasa ita ce gefenta ke ta lanƙwasa yana miƙewa har zafi ya raba roba da waya. Lokacin hunturu kuma iska takan ɗan sauka da kanta, kusan 1 a duk saukar digiri 5 zuwa 6, sai ka ƙara dubawa.

Kwanakin farko ka bi ta a hankali, sabuwar taya tana da ɗan santsi a fuskarta daga masana'anta, ka ba ta kilomita 200 zuwa 300 ba danne birki da ƙarfi ba shan kwana da gudu. Daga nan duk sati biyu ka zagaya motar, ka murɗa sitiyari har ƙarshe don ka leƙa gefen ciki na tayoyin gaba. Duk ranar da ka faɗa rami da ƙarfi ka tsaya ka shafa gefen tayar ciki da waje, in ka ji ƙulu ya fito ko ƙarami ne zaren ciki ya tsinke kenan, ba'a facinsa ba'a sa masa tib, cirewa ake. Ƙusa in a tsakiyar zane ta shiga kuma ramin bai wuce milimita 6 ba ana gyarawa, amma a cire tayar a yi facin daga ciki, ba a soka igiya daga waje kawai a ce ka tafi ba.

Zurfin zane kuma, sabuwa tana zuwa da wajen milimita 7 zuwa 8. A kafaɗar tayar akwai ɗan alamar kusurwa uku ko haruffan TWI, in ka bi shi zuwa cikin ramin zane zaka ga ɗan tudu, tsayinsa milimita 1.6 ne, ranar da zanen ya yi daidai da shi tayar ta gama. Amma ga tayar da take da faɗin 225 ko 255 kar ka jira nan, faɗinta yasa ruwan da zata kora yafi yawa, in ta sauka milimita 3 kuma ga damuna na shigowa a watan Mayu ko Yuni, fara neman kuɗin wasu tun a Afrilu.